Muryar Malama Uwani

Yanzu kowace sabuwar ma'aikaciyar lafiya, in ta gama karatu, 'yar na'ura ake maƙala mata a kunne, mai magana da muryar malamar da ta horar da ita. Barira ta samu muryar Malama Uwani, wadda ta ajiye aiki bana.

Ranar da ta soma zagayen unguwa, a gidan Malamar ta fara yin sallama. Ta tarar da ita tana tsince shinkafa.

"Zo ki auna ni, 'yar nan, in ga ko kin iya."

Barira ta durƙusa ta riƙe mata hannu, na'urar tana auna bugun zuciyarta. Can cikin kunnenta muryar ta ce a hankali, "Zuciyar nan ta gaji ƙwarai. Kada fuskarki ta nuna."

Ta daure iya daurewa, amma idonta ya kawo ruwa.

Tsohuwar ta yi dariya. "Na ce kada ki nuna, ko? Cire ni daga kunnenki, ga ni a gabanki."

Ta matsa mata a tabarma. "Zauna ki faɗa mini da bakinki. Ke nake son ji."