Kawu Ya Yi Feshi

Tana buɗe ƙofar ɗakin gwajin shuka ta ga tumatirin sun yi kore shar, warin maganin feshi kuma ya cika ko'ina.

"Kawu! Wa ya yi feshi a nan?"

Kawunta, wanda ita ta samar wa aikin ban-ruwa a cibiyar binciken noma da take aiki, ya taho yana murmushi. "Ni ne, 'yata. Na ga cuta ta fara cin ganyensu, na ce ba a gabana ba."

"Ni na sa musu cutar da hannuna!" ta ce. "Shekara da shekaru ina haɗa iri da iri, ina neman wanda ya gaji jure wannan cuta. Dole su kamu, raunana su mutu, in ga wanda zai tsaya. Yanzu ka warkar da su duka, ta ina zan gane shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta san wannan cutar ce ta cinye masa gona, amma yau ba ta da sauran tausayi.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Layin ƙarshe ma maganin bai kai ba, suka bushe."

Ta ɗago da sauri. "Duka?"

"Ban da wani mai taurin kai, ko tabo babu a jikinsa. Amma kwantar da hankalinki, na tuge shi na ƙone tare da sauran, kada ya shafa wa masu lafiya."