Nasihar da Ta Ɓace

Da mijin ya sake marinta, sai leɓenta ya fashe.

"Sau uku ina rubutu a dandalin nan na intanet yana ɓacewa! Wa ke taɓa kwamfutar nan in ba ke ba?"

"Wallahi, Maigida, ƙura kawai na goge."

Ya zaro bel ke nan, mai gyaran da ya kira ya yi sallama. Mai gyaran ya duba kwamfutar, ya ja tsaki.

"Yallaɓai, ba hannun kowa. Tsohuwar manhaja ce maƙale a burauzar da kake shiga intanet da ita, ita ke ɓoye rubutun."

Yana cire ta, rubutun ya dawo. Matar ta matso, jini na ɗiga daga haɓarta, ta karanta layin farko a fili: "Maza, ku ji tsoron Allah, ku tausaya wa matanku."