Maɓallin da Aka Rufe da Kafet

Tun da likita ya ce zuciyar Baba ta yi rauni, Auta bai ƙara samun natsuwa ba. Burinsa ɗaya ne, ya tayar da tsohuwar motar nan mai kujera biyu wadda Baba ya yi tashe da ita a samartakarsa, ya ɗauke shi su zaga gari kafin ta Allah ta kasance. Motar ta daɗe a yashe a bayan gida har kaji na ƙwai a cikinta. Yanzu kuwa da ya taso daga aiki sai gareji, wayarsa na ƙara gabansa na faɗuwa, kada a ce jikin tsoho ya tashi.

Da ƙyar da jiɓin goshi inji ya tashi, aka fesa jan fenti, aka ɗinke kujeru. Saura abu ɗaya, maɓallin rage fitila. A motocin da, ba a jikin sitiyari yake ba. Wani ɗan ƙarfe ne kamar murfin kwalba, a ƙasa gefen kuloci, direba ya taka da ƙafar hagu fitila ta sunkuya, ya sake takawa ta ɗago.

Mai wayarin, wato mai haɗa wutar mota da Auta ya kira, ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a waje, ya ɗaure maɓallin tamau ya haɗa wayoyinsa. Ya danna, ƙwas, haske ya sauka a jikin bango.

"Yallaɓai, saura a huda kafet a fito da kansa," in ji shi.

"A huda me? Ka san yawon da na sha kafin na samo irin launinsa? Ai sai ka ɓata mini mota!"

"In ka rufe shi, lalube za ka riƙa yi. Ga kafet ɗin da kauri."

"Haba Malam, ƙafata ba ta da ido ne kawai, amma ta san hanya."

Auta ya shimfiɗa kafet, ya taka ta sama, fitila ta sunkuya. Mai wayarin ya girgiza kai ya tattara kayansa. To ai gwaji a cikin gareji, da rana tsaka, mota a tsaye, kowa ma gwani ne.

Washegari da yamma Baba ya yi wanka ya sa sababbin kaya. Yayar Auta ta kama Baba har bakin mota, tana ta faɗa wa Auta: "Don Allah ku dawo da sauran haske. Ka ga dai yanayin jikinsa."

Baba kuwa da ya ji kukan injin sai ya koma yaro. Ya riƙa shafa gaban motar yana dariya. Duk inda Auta ya ce a juya, sai ya ce, "Ƙara gaba kaɗan mana, rowar mai kake yi mini?" Haka suka bar gari, duhu ya same su a wata siririyar hanya.

Auta ya kunna fitila, ta zo a ɗage. Motar farko da ta taho ta ƙyafta masa. Ya kai ƙafa, bai ji komai ba. Ashe taka kuloci da ya yi ta yi ya ja kafet ɗin ya tattare, ya yi tudu a kan maɓallin.

"Rage musu, Auta, kana kashe musu ido."

"Nema nake, Baba."

Ya daddanna da diddige, ya shure da ɗan yatsa, shiru. Wani mai babur ya wuce yana zaginsa. Ya yi niyyar tsayawa ya yaye kafet ɗin, amma babu gefen da zai raɓa, ga numfashin Baba ya fara sauri.

Sai ga tirela. Direbanta ya ƙyafta, ya sake ƙyaftawa. Da ya ga ba a rage ba, ya ɗauka raini ne, ya sakar musu duk fitilun da ke kansa, har da na ƙari. Duniya ta yi wa Auta fari fat.

"Innalillahi! Riƙe hannunka!" Baba ya yi ƙara.

Auta ya sunkuya yana fizgar kafet da hannu ɗaya. Motar ta daki kan kwalbati ta kife cikin rami. Tirela ta wuce abinta, wataƙila direban bai ma san abin da ya bari a baya ba.

Auta ya fito da karaya a hannu. Baba bai kai asibiti ba. Da yayarsa ta iso, ba ta yi masa faɗa ba, ta dai dube shi tana kuka ta ce, "Da ƙafarsa ya fita, Auta." Har yau maganar nan ba ta bar shi ya yi barci mai daɗi ba.

Jama'a, kada kwalliya ta sa mu rufe abin da aka yi don tsare rai, komai ƙanƙantarsa. Direbobi kuma, in an haske ku kada ku rama, ba ku san halin da na gabanku yake ciki ba.