Kafofin da Salahu Ya Toshe

Ranar da Inna Kubura ta tashi zuwa aikin Hajji, autanta Salahu ya tsaya a ƙofar madafarta yana kallon bangon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Ya rantse a ransa ba za ta dawo ta iske wannan abin kunya ba. Kun dai san al'adarmu ta Zango: kafin mahajjaci ya dawo sai an gyara gida an shafa fenti, saboda 'yan barka da sauka. Salahu kuwa yana da rumfar atamfa a kasuwar Adawlato, ga hali ga niyya.

Madafar tun ta zamanin kakansa ce. A saman bango, dab da kwano, an bar kafofi a jere, tagar kuma ko marufi ba ta da shi. Shi kuma ya taɓa shiga gidan abokinsa Tchakoura, wani ma'aikacin gwamnati, ya ga madafa fara fes da silin da tagar gilashi. Tun ranar abin ya tsaya masa a rai.

Ya ɗauko magini daga unguwar Bè, ya ce, "Ka toshe mini waɗannan kafofin. Ta nan ɓera da ƙadangare suke shigo mana." Aka toshe, aka yi yaɓe, aka buga silin, aka sa gilashi da ƙofa mai kama jikinta gam.

Da yayarsa Haulatu ta leƙo sai ta tafa hannu. "Kai, Ɗan'auta, sai ka ce otal! Yaushe za ka yi mini irinta?"

"Ki fara zuwa Makka tukuna, Yaya."

Ran da Hajiya ta sauka, har hawaye ta yi don murna. Ta shafa bangon ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Ɗan'auta. Yanzu ai sai na wanke ƙafa kafin in shiga." Gida ya cika da dariya. Kashegari ta shigar da kurfotinta da buhun gawayi, domin da su ta saba girki tun tana amarya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi inda hayaƙin zai bi.

Ba a jima ba ta fara kukan ciwon kai da jiri duk ranar da ta yi girki. Wannan ya ce gajiyar hanya ce, wancan ya ce tsufa ne. Haka muke! Jiki yana ta faɗa mana gaskiya, mu kuma muna ta yi masa sannu. Salahu ya sayo mata ƙwayar ciwon kai, ya koma rumfarsa hankali kwance.

Wata safiya aka rufe kasuwa saboda taron jam'iyya, duk mutanen gidan suka sa anko suka fita, aka bar Hajiya ita kaɗai. Sai hadari ya taso daga teku, ruwa ya goce, taro ya watse. Salahu ya dawo sharkaf, tun daga zaure ya ji ƙaurin shinkafa. Ƙofar madafa a rufe, taga a rufe, don feshi.

"Inna! Hajiya!"

Shiru. Ya banka ƙofar. Tana kwance a ƙasa, hannunta na dama a jikin kurfoti mai garwashi, ba ta ma janye shi ba. Ya sungume ta ya fito tsakar gida cikin ruwan yana ihun neman agaji.

A asibiti likita ya tambaye shi, "Da me take girki?"

"Gawayi."

"Ta ina iska ke fita?"

Salahu ya faɗa masa yadda ya toshe kafofin. Likita ya yi masa bayani cewa gawayi yana fitar da wata guba da ba a ganinta, ba a jin warinta. In ɗaki a toshe yake, sai ta taru ta kwantar da mutum kamar barci, da yawa kuma ba sa farkawa.

Hajiya ta farka, alhamdu lillahi. Amma yatsun hannun nan sun ƙanƙance, ba su ƙara riƙe muciya ba. Masu zuwa dubiya suna ta cewa baki ne ya kama sabuwar madafa, wai an cika yabonta. Wane baki? Siminti ne! Har yaushe za mu riƙa ɗora sakacinmu a kan bakin mutane?

Salahu dai bai saurare su ba. Ya ɗauki guduma da hannunsa, ya hau tsani, ya fasa kafofin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu raga, ya cire silin ya buɗe tagar. Yanzu Hajiya kan zauna a kujera bakin ƙofa, Haulatu na tuƙa tuwo, ita kuma tana ba da umarni, hayaƙi na ficewa ta inda ya saba.

"Ɗan'auta," in ji ta, "bangon naka fa ya fara baƙi."

"Bar shi ya yi, Inna. In kin koma Makka na sake fenti."

Jama'a, gyaran tsohon gida ba laifi ba ne. Amma kafin ka toshe kafar da ka tarar, ka tambayi aikin da take yi, ka kuma tambayi mai girkin da me take girki. Duk inda za a hura gawayi, a bar wa iska hanya.