Gidan Jar Ƙasa a Takur

Katafila ta riga ta tsaya a ƙofar gidan lokacin da Injiniya Abdussamad ya iso a guje.

"Ranka ya daɗe, ka saurare ni," ya roƙi jami'in rusau. "Wannan ba irin ginin da ka sani ba ne. Jar ƙasa ce da tokar buntun shinkafa, na matse su da inji. Damina biyar ko tsagewa bai yi ba."

"Dutse ta zama babban birnin jiha," in ji jami'in. "Ba a son ginin ƙasa a bakin titi."

Shekara biyar Abdussamad yana yawo ofis-ofis da bulonsa na ƙasa a jaka don a amince da shi, ana yi masa dariya. Yanzu ga matarsa Karima da 'ya'yansu a waje, zaune kan katifu.

Katafila ta daki katanga. Ƙura ta tashi, katanga tana nan. Ta ja baya ta sake duka, ɓarɓashi kaɗan ya faɗo.

Direban ya leƙo. "Yallaɓai, ko na bulon siminti ba su ba ni wannan wahalar ba."

Jami'in ya ƙwanƙwasa bangon, ya yi tsaki. "Ƙasa ba ta haka. Siminti ne ka shafa wa ja. In siminti ne, gidanka ya tsira. Faɗa min gaskiya in rubuta."

Abdussamad ya dubi Karima. Ya sunkuyar da kai.

"Siminti ne, ranka ya daɗe."