Ƙasar da Baba Ya Yi Dako

Gaban kwale-kwalen ya daki yashi. Baba ya kashe inji ya ce, "Yalla, sauko, uwata."

Na duba tsohuwar taswirar tekun da ke manne kusa da sitiyari. Inda muke shuɗi ne zalla, babu ko ɗigon ƙasa.

Kwanan nan aka ce kowa ya kawo mahaifinsa makaranta ya bayyana aikinsa. Na ce masa kada ya zo. Me zai faɗa, yana tuƙa jirgin da ke zubar da yashi a teku? Ni hankalina na kan darasin tarihi: mutanen dā sun zana wata makekiyar ƙasa a kudancin duniya ba su taɓa ganinta ba, jirage suka yi shekara da shekaru suna nemanta. Na ce masa waɗannan su ne maza.

Sai ga shi yau ya aro kwale-kwalen kamfaninsu.

Na cire takalmi na taka. Yashin da ɗumi, ga sawun tsuntsaye, dogayen benayen Dubai kuma sun ƙanƙance can baya.

"Ina ne nan, Baba?"

"Bara ruwa ne. Wannan ƙasar ma a takarda aka fara zana ta, kamar ta mutanen naki." Ya yi dariya. "Sai dai mu ba mu tsaya nema ba, dakonta muka yi a jirgi."

Na cika takalmina da yashin, don na san malama ba za ta yarda ba.

"Ranar Litinin ne, Baba," na ce. "Kar ka makara."