Mai Tumbi na Ƙarshe

"Oga, hoton nan ba shi da rara," in ji mai injin buga takardu a Sabon Gari. "Ko mu bar farin layi a gefe, ko mu ja shi ya cika takardar, wuƙar yanka ta ci mutum ɗaya."

Ni da na yi furfura ina yi wa ɗaliban Samaru wa'azin barin rara a gefen hoto saboda yanka, yau ni ake karanta wa. Rubutu da tambarin kalandar Zumuntar Maza ta cocinmu ni na zana su tsaf, ko bango za a cika da su ba za su fashe ba. Hoton ne aka ɗauka a matse.

"Ja shi," na ce.

"Wannan mai tumbi na ƙarshe fa? Kada ya zo mini da rigima."

"Na san shi. Ba shi ma da wanda zai kai wa ƙara."

Wuƙa ta sauka.

Ran Lahadi na tsaya a bakin coci ina rabawa, ina ba kowa lokaci ya duba sosai. Kowa ya nemo fuskarsa, aka yi ta dariya. Na jira wani ya ce akwai wanda babu.

Sai wanda muke zama benci ɗaya ya matso. "Aiki ya yi kyau, ɗan'uwa, kowa ya fito! Amma baɗi ka daure ka zo a ɗauka da kai."

Na ce to. A kalandar da ke hannunsa, yatsuna na nan dafe da kafaɗarsa.